Kafin Ka Ƙara wa Bulo Maɓalli: Nasiha ga Matasa Masu Gina Shafuka

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ta kuma zauna a ƙasar Kalgo, wasu sana'o'i da ba a san su a da ba suka fara tsiro a yankin. Ɗaya daga ciki ita ce gina wa mutane shafin intanet. Masu yin ta yara ne ƙanana: ɗan aji uku a sashen kwamfuta, wanda ya gama Kwalejin Waziri Umaru yana jiran bautar ƙasa, yarinyar da ta koya da kanta a wayar yayanta, ɗalibin Aliero da ya dawo hutu. Masu ba su aiki kuwa su ne makarantar Islamiyya a Gwandu da ke son wurin sa sanarwar hutu da ranar saukar karatu, ƙungiyar manoman shinkafa da ke son a san da zamanta, mai shagon atamfa, ƙungiyar ɗalibai. Da ku nake, ƙannena maza da mata, kuma a kan gaɓa ɗaya tak ta aikinku zan tsaya: ranar da mai aikin zai dube ka ya ce, “Ka sa mini inda zan riƙa canza komai da kaina.”

Wannan roƙo yana da daɗin ji. Yana nuna mutumin ya yarda da aikin, yana so ya riƙe shi da hannunsa. Yaro mai zumuɗi sai ya koma ɗaki ya kwana yana ƙara maɓallai: na launi, na girman rubutu, na tazara ta kowace kusurwa, na inuwa, na lanƙwasa gefe, na juya hoto. Da safe ya kawo yana murmushi. Bayan wata uku ka buɗe shafin, ka tarar da kanun labari ja, sakin layi shuɗi a kan ruwan hoda, rubutu salo biyar a fuska ɗaya, hoton shugaban makaranta ya hau kan lambar waya. Iyayen yara kuma ba za su ce sakatare ne ya ɓata ba. Za su ce wane ne ya gina, domin sunanka ne a ƙasan shafin.

Bari in faɗi yadda abin yake ga wanda bai shiga sana'ar ba tukuna. A yau ba a rubuta shafi a dunƙule, jera shi ake yi bulo-bulo: bulon kanu, bulon sakin layi, bulon hoto, bulon da ke raba fuska gida biyu ko uku. WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kuma a yanzu fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya a kanta suke, ta koma wannan tsari a Disamban 2018 da fitowarta ta 5.0. Sun sa wa sabon wurin rubutun sunan Gutenberg, Bajamushen birnin Mainz da ya buga littafi da haruffan ƙarfe wajen 1455. Elementor da Wix da sauransu duk a kan wannan tunani suke tafiya. Idan kai ne ka ƙera sabon bulo a WordPress, akwai fayil da ake kira block.json, inda kake lissafa abubuwan da bulonka ya yarda a taɓa masa. Layi biyu ko uku za ka rubuta, sai ga wurin zaɓen launi ya bayyana a gefe, ga na tazara, ga na girman haruffa. Ba ka sha wahalar komai ba. Shi ya sa hannu ke saurin ƙarawa, tunda abin da bai ci maka gumi ba da wuya ka tsaya ka auna shi.

Ku da kuka tashi a ƙasar Gwandu ba ku da dalilin zuwa Amurka neman darasin tsara shafi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kuma hubbarensa yake Gwandu, ya bar littattafai masu yawa, irin su Liya'ul Hukkam da tafsirinsa Liya'ut Ta'wil da Tazyinul Waraƙat. Babu injin bugu a ƙasar nan a lokacin. Da hannu almajirai suka yi ta kwafe su, daga wannan zaure zuwa wancan, har suka kai Ilorin da Nufe da Adamawa. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a garin, ya tarar da kwafin Tarihus Sudan, littafin da Abdurrahman as-Sa'adi na Tambutu ya rubuta, ya zauna ya kwashi abin da ya iya kwasa daga ciki. Littafi ya taso daga Tambutu ya iso Gwandu, hannuwa daban-daban sun rubuta shi, amma mai karatu bai ɓata ba. Me ya sa? Saboda marubutan sun yi tarayya a kan ƙa'idar shafi, kuma ba wanda ya ɗauki kansa ya fi ƙarfinta.

Ku nemi dattijon da ke da tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a gafaka, ku roƙe shi ya buɗe muku, ku duba da idon sana'arku. Baƙaƙe da baƙar tawada suke. Wasulla da ja. Hamza ɗigon rawaya ce, alamar wasali kuma kore. Launi huɗu ke nan, kowanne da aikinsa, har yaro ɗan shekara bakwai ya san abin da ɗigon rawaya yake nufi kafin ya san sunansa. Marubuci ba zai tashi wata rana ya ce yau kore ya burge shi, bari ya yi wasulla da shi ba. Zayyana tana nan, kyakkyawa kuwa, amma tana da mazauninta: a gefe, inda hizbi ya cika, ko inda ake sujada, ko a manyan rabe-raben littafin. Ba ta shiga tsakiyar aya. A littattafan fiƙihu da nahawu za ku ga an rubuta “babi” da “fasali” da ja don ido ya same su da sauri, wani lokaci matani ja ne sharhi baƙi. An bar gefe da faɗi, an buɗa tsakanin layuka, saboda marubucin ya san ɗalibi zai zo ya sa hashiya, wataƙila da ajami. Tunda kuma ba a ɗinke takardun, warwatse suke a cikin gafaka, sai a rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi, don in sun hargitse a iya mayar da su. Takardar ma mai tsada ce, wadda ake kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus, amma ba su yi rowar gefen ba.

Abin da nake so ku ɗauka daga nan shi ne, mutanen nan sun yanke shawarar tsari sau ɗaya, da kyau, sannan suka sakar wa mai kwafi hankalinsa ya tafi kan kalmomi. Sakataren makarantar da za ka miƙa wa shafi shi ne mai kwafin yau. Aikinsa ya rubuta cewa an ɗage jarrabawa zuwa Litinin. Idan ka tilasta masa ya zaɓi launi daga cikin miliyan 16 da kwamfuta ke iya nunawa kafin ya faɗi wannan magana, ka ɗora masa aikinka ne, kai kuma ka karɓi kuɗin.

WordPress da kanta ta gane haka. A Yulin 2021, da fitowa ta 5.8, ta kawo wani fayil mai suna theme.json, inda mai gini zai rubuta a wuri ɗaya launukan da aka yarda da su, girman rubutun da aka yarda da shi, da faɗin da sakin layi zai tsaya. A cikinsa kana iya kashe wurin zaɓen launi na ganin dama gaba ɗaya. Ka yi amfani da wannan dama. Launi huɗu ko biyar sun isa kowace makaranta da kowace ƙungiya: na rubutu, na bango, launin tambarinsu, wani mai taimaka masa, da na gargaɗi. Ka sa musu suna da aikinsu, kamar “launin makaranta” ko “launin sanarwa”, kada ka kira su “kore mai duhu”. Dalili kuwa, bulo zai adana sunan ne, ainihin launin yana can a wuri ɗaya. Ranar da hukumar makaranta ta sake tambari, layi ɗaya za ka gyara, shafi hamsin su bi. Wanda ya bar kowa ya zuba lambar launi da hannu, shi zai zauna ya buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya, kuma sai ya manta wasu.

Haka girman rubutu: ƙarami, matsakaici, babba, babba ƙwarai. Haka tazara. Daga fitowa ta 6.1 a Nuwamban 2022 an ba da damar a jera tazara mataki-mataki, mai shafi ya ja daga na ɗaya zuwa na biyu zuwa na uku, maimakon akwatin da zai rubuta 13 a nan, 27 a can. Ido yana gane rashin daidaito tun kafin mai idon ya san sunan abin da ya dame shi. Shafin da tazararsa ta tsaya a kan 8 da 16 da 24 da 40 zai yi kama da aikin mutum ɗaya, ko da mutum biyar ne suka cika shi.

Kan tazara ne na ga yara sun fi ruɗewa, don haka zan ɗan daɗe a nan. Iri biyu ce. Akwai ta ciki, wadda a CSS, yaren da ake tsara kamannin shafi da shi, ake rubuta ta padding, akwai ta waje, wato margin. Ka ɗauki bulo a matsayin gida. Tazarar ciki ita ce filin da ke tsakanin katanga da ɗakuna, naka ne, in ka shafa wa gidan fenti har da shi. Tazarar waje ita ce lungun da ke tsakanin katangarka da ta maƙwabci, fentinka ba ya kaiwa can. Kuma lungu ɗaya ne tsakanin gida biyu. Idan bulon sama ya nemi 24 a ƙasansa, na ƙasa ya nemi 16 a samansa, a jeren da aka saba ba 40 za a samu ba, 24 za a samu, babbar ta haɗiye ƙaramar. Yaron da bai san wannan ba zai yi ta ƙara lamba yana zagin kwamfuta. Mai shafin da ka ba maɓallin tazarar waje shi ma zai ja ya ga ba abin da ya motsa, ya kira ka da dare ya ce abin ya lalace.

Mafita ita ce kada ka bar kowane bulo ya riƙa yanke wa kansa nisan da zai yi da maƙwabcinsa. Ka ba uwar da ta ƙunshe su wannan iko: maɓalli ɗaya a kan rukunin, mai cewa ga giɓin da zai kasance tsakanin 'ya'yana. Tazarar ciki kuma ka buɗe ta ga bulon da ke da launin bango ko iyaka kaɗai, domin a nan ne rubutu ke mannewa da gefe in ba ta. Sakin layi na yau da kullum ba ya buƙatar ko ɗaya.

Kada ku ji wannan ku ce to a kulle komai. Rowa ita ma tana da nata sharrin. Idan ka buɗe shafin da wani ya cika ka ga sakin layi biyar babu komai a cikinsu, an jera su don a tura hoto ƙasa, ko ka ga an yi ta danna tazarar kalma don a kai kanu tsakiya, ko an ɗauki bulon kanu an yi sanarwa da shi don kawai ana son rubutu mai kauri, to mutumin yana gaya maka ne akwai abin da yake buƙata da ba ka ba shi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Waɗannan dabaru su ne jerin maɓallan da ya kamata ka ƙara, kuma sun fi duk wanda za ka ƙirƙiro kana kwance.

Sai maganar waya. Kai a laftof kake gini, wataƙila a inuwa, da fanka. Mai karatunka yana tsaye a tashar mota a Kalgo, cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, rana tana dukan fuskar wayar da gilashinta ya tsage. Faɗin yawancin wayoyin Android da ke hannun jama'a bai wuce fiksel 360 zuwa 400 ba a lissafin shafi. Idan ka bar mai shafi ya sa tazarar ciki 80 dama da hagu saboda ta yi kyau a laftof, a waya mai 360 abin da zai rage wa rubutu 200 ne, kalma uku a layi. Tun 2010 Ethan Marcotte ya yi bayanin yadda shafi ɗaya zai riƙa daidaita kansa da kowace fuska, kuma yau CSS tana da hanyar da za ka ce wa girma kada ya gaza kaza, kada ya wuce kaza, ya yi ta sauyawa a tsakani. Ka gina wannan a cikin matakanka, ta yadda “babba” a waya ba zai zama “babba” na laftof ba, mai shafi kuma ba sai ya san da haka ba. Bulon da ke raba fuska gida uku ya riƙa jeruwa sama da ƙasa da kansa in ya ga ƙunci. Ni dai ba na son tsarin da ke ba mutum saiti uku a kan kowane maɓalli, na kwamfuta da na tablet da na waya. Ƙwararre zai ji daɗinsa. Sakatare zai gyara ɗaya ya manta biyu, kuma wanda zai manta shi ne na waya, inda masu karatunsa suke.

A wannan ranar ta Afrilu ne kuma launi ke tona asiri. Ƙa'idar WCAG, wadda ƙungiyar W3C ta fitar don shafuka su karantu ga kowa, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Ruwan tokan nan da matasa ke ƙauna, mai lamba 999999, a kan fari bai kai ko 3 ba. Sai ka duhunta shi zuwa 767676 kafin ya tsallake da ƙyar. Ka auna kowane launi biyu da ka bari a haɗa kafin ka miƙa. Da launi biyar wannan aikin rabin sa'a ne. Ka tuna cikin iyayen da za su karanta sanarwar akwai dattijon da idonsa ya fara yana, kuma shi ne mai biyan kuɗin makarantar.

Akwai abu ɗaya da ba wanda zai kula muku da shi a California ko Bangalore, sai ku. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke Hukumar Talifi a Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939. Shekara fiye da tamanin ke nan, amma har yau salon haruffa da yawa da ake yayi ba su da su. Abin da ke faruwa shi ne, in salon da aka zaɓa ba shi da ƙ, sai wayar ta aro ta daga wani salon, ka ga kalmar “ƙasa” harafinta na farko ya fi sauran kauri ko ya karkace, ko ma akwati ya fito a gurbinsa. Mai shafi da ya ga haka sau biyu sai ya daina sa lanƙwasa, ya koma rubuta “kasa”, mai karatu ya yi ta lalube ko ƙasa ake nufi ko kasa. Kai da ka buɗe masa jerin salo ɗari ka taimaka wajen wannan ɓarna. Salo biyu sun isa, ɗaya na kanu ɗaya na jiki, kuma kada ka sa ko ɗaya sai ka gwada shi da jimla irin “Ƙanƙara ta ɓata ɗanyar gyaɗa”, ka kuma duba manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ, domin wani salon yana da ƙananan ya rasa manyan, sai ranar da aka danna maɓallin mayar da kanu manyan baƙaƙe abin ya bayyana. Ka haɗa da ƴ ma, tunda da ita ake rubutu a Nijar, kuma daga Kamba zuwa Gaya ba nisa, masu karatunka ba a Kebbi kaɗai suke ba. Jerin Noto na Google da Andika da Charis na ƙungiyar SIL suna ɗauke da su duka. Wani tarkon kuma: ana yawan yanka fayil ɗin salo don ya yi sauƙi, a bar haruffan Turanci kawai. Namu suna cikin kashin da ake yankewa. Ka tabbata ka ɗauko da shi. Taƙaita salo yana kuma rage cin data, kowane kauri fayil ne da wayar mutum za ta sauko da shi da kuɗinsa.

Makarantar Islamiyya kuma dole wata rana ta sa aya ko hadisi, wataƙila da baitin ajami. Nan maɓallanka za su fuskanci jarrabawar da ba su shirya mata ba. Idan ka gina su da “hagu” da “dama”, da an juya rubutu zuwa Larabci komai zai koma baibai: tazarar da ka bari a bakin layi ta koma wutsiyarsa. CSS tana da kalmomin “farkon layi” da “ƙarshen layi” waɗanda ke juyawa da kansu, su za ka yi amfani da su tun daga tushe. Maɓallin buɗa tsakanin haruffa ka kashe shi a bulon Larabci, domin haruffan a haɗe suke, buɗawa na iya tsinka su. Na karkata rubutu da na manyan baƙaƙe ba su da ma'ana a wurin. Abin da bulon yake buƙata shi ne ƙarin fili tsakanin layuka, don fataha da kisira kada su hau juna, wato abin da marubutan Gwandu suka riga suka sani. Ga ajami, SIL ta fitar da Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano, da Harmattan don harsunan Afirka ta Yamma. Yaron da ya ƙera bulo ɗaya mai kyau na aya da fassararta, Larabci a sama Hausa a ƙasa, kowanne da salonsa da alƙiblarsa, ba tare da mai shafi ya taɓa komai ba, ya yi abin da makarantu daga Gwandu har Damagaram za su nema.

Wani dalilin yin hattara shi ne maɓalli yana da sauƙin shiga, yana da wuyar fita. WordPress tana adana abin da bulo ya fitar a cikin shafin, duk lokacin da aka buɗe kuma sai ta gwada shi da abin da bulon zai fitar yanzu. Idan ka sake tsarin bulonka, ko ka cire wani saiti, ba tare da ka rubuta yadda za a karɓi tsohon ba, mai shafi zai buɗe ya tarar da gargaɗin cewa bulon yana ɗauke da abin da ba a gane ba. Ka yi tunanin wannan ya faɗo ana gobe za a saki sakamakon jarrabawa. Akwai hanyar da aka tanada ta ajiye tsofaffin siffofin bulo don a riƙa mayar da su sabuwa, ku koye ta tun kafin ku buƙace ta, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ku sani duk maɓallin da kuka ƙara yau, za ku yi ta ɗaukar nauyinsa muddin shafin yana raye, kuma galibi ba wanda zai biya ku wannan ɗauka.

Duk wannan ba zai yiwu ga wanda bai san abin da ke ƙarƙashin maɓallin ba. CSS ba sabuwa ba ce, Håkon Wium Lie ya gabatar da ita a 1994, ta zama ƙa'ida a ƙarshen 1996, kuma kowane maɓalli da kake gani layi ɗaya ne nata da aka sa wa riga. Ka zauna ka gina shafi ɗaya da HTML da CSS tsura, ba manhaja, har ka gane dalilin da wani umarni ke rinjayar wani. Na san yanzu ChatGPT zai rubuta maka bulo cikin minti ɗaya, da saiti ashirin in ka nema. Ba laifi ka yi amfani da shi. Sai dai bai san sakatarenka ba, bai san wayar da ke hannun iyayen yara ba, kuma ba shi za a kira ba in abin ya watse.

To, me za ka ce wa Alhaji ko Malam da ya ce a sa masa komai? Kada ka ce masa a'a, ba tarbiyya ba ce, kuma ba dabara ba ce. Ka ce, “Ranka ya daɗe, waɗanne abubuwa ne kake ganin za ku riƙa canzawa duk mako?” Zai lissafa: rubutu, hoto, ranar taro, wataƙila sanarwar gaggawa da ake so ta fito fili. Ka ce masa waɗannan duka suna hannunsa, sauran kuma ka ɗaure su ne don kada yaro ya taɓa bisa kuskure ya zubar wa makaranta da mutunci. Ba shugaban da zai ƙi wannan magana. WordPress tana ba ka damar kulle bulo kada a matsar da shi ko a goge shi, har da kullen da ke barin a canza rubutu da hoto kaɗai, tsarin ya tsaya yadda yake. Ka shirya masa ƙirar da aka riga aka haɗa: ta sanarwa, ta ta'aziyya, ta jerin malamai, ta farashin buhu. Sunayen saitin da ka ƙera da kanka kuma ka rubuta su da Hausa, tunda wanda zai danna su da Hausa yake tunani. Kuma tun ranar ciniki ku yi maganar kuɗin kula da shafin na wata-wata, a rubuce, kafin zumunci ya shiga tsakani.

Kafin ka miƙa aiki, ka samo mutum uku da ba su taɓa ganinsa ba, cikinsu har da wanda zai riƙa cika shi da gaske. Ka ba kowannensu aiki ɗaya: ya sa sanarwar cewa an ɗage taron iyaye, da hoto, da lambar da za a kira. Ka zauna a gefe ka kama bakinka, ko da ka ga yana neman abin da ke gaban idonsa. Ka rubuta inda ya tsaya, da maɓallin da ya danna bisa kuskure, da wanda ba wanda ya kalla. Wanda ba a kalla ba ka cire shi yanzu, tun ba a gina komai a kansa ba. Sannan ka ɗauki abin da suka haɗa ka fita da shi waje da tsakar rana, a ƙaramar waya, da data ba da wayifai ba, ka karanta. Idan biyu cikin ukun sun nemi abu ɗaya da babu, shi za ka ƙara a gyara na gaba, da mataki uku ko huɗu, ka sake kiransu su gwada.